Mudun Awon Makarantun Gwamnati

Jama'a, ba a cinikin hatsi sai da mudu. Makarantar gwamnati kuwa da dukiyar jama'a aka gina ta, da ita ake biyan malamanta, saboda haka wajibi ne ita ma a sami abin auna ta. Maganar ita ce, wane irin mudu za a ɗauka, in kuwa aka auna aka tarar awon bai cika ba, wa za a tuhuma?

Auna makaranta ba baƙon abu ba ne. A Ingila, cikin 1862, wani ƙusa a gwamnati mai suna Robert Lowe ya kawo tsarin da ya rataya kuɗin taimakon makaranta a kan yawan yaran da ke zuwa, da yawan waɗanda suka ci jarrabawar karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. A takarda abin ya yi kyau. Amma da abincin malami ya dogara ga ranar zuwan sufeto, sai aka koma ɗura wa yara hadda, yaro ya rattaba shafi guda bai san abin da ya faɗa ba. Kafin ƙarnin ya ƙare aka yi watsi da tsarin.

A nan ƙasar, dokar ilmi ta Gwamna Lugga ta 1916 ta kasa makin makarantun da gwamnati ke taimaka wa kashi huɗu. Cikin maki 100, an ba jarrabawa da ci gaban yara 40, ladabi da tarbiyya da tsarin gudanar da makaranta 30, isar malamai da ƙwarewarsu 20, gini da kayan aiki da tsabta 10. Ko me za a ce game da mulkin mallaka, wannan rabo yana da abin lura: jarrabawa ba ta kai rabin makin ba.

Dalilin haka a fili yake. A ɗauki makarantu biyu. Ta farko tana cikin birni, yaranta 'ya'yan ma'aikata ne, sun zo aji ɗaya sun riga sun san baƙi da wasali. Ta biyu tana ƙauye, da damina yara suna gona, ranar kasuwa suna talla, malamin kuma shi kaɗai yake riƙe da aji biyu. In aka jera su bisa sakamakon jarrabawa kawai, ta birni ce za ta zo gaba kowace shekara, ko da malamanta barci suke yi. Alhali kuwa mai yiwuwa malamin ƙauyen nan, wanda ya karɓi yaro bai iya riƙe fensir ba ya mai da shi mai karanta wasiƙa, shi ne ya fi yin aiki. Awon gaskiya shi ne a duba inda yaro ya taso da inda makaranta ta kai shi. Har wa yau, duk inda aka mai da yawan masu cin jarrabawa shi ne kaɗai abin yabo, to an buɗe ƙofar satar amsa, da hana yara masu rauni zama jarrabawar don kada su ɓata lissafi.

Gwamnatin Tarayya ta kafa sashen sufetocin ilmi a 1973. Shekara uku bayan haka, a watan Satumba na 1976, aka soma shirin ilmin furamare kyauta, watau UPE. An yi tanadin yara miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka hallara. Makarantu suka yi wa sufetoci yawa, aka ɗauki malamai da gaggawa. Abin da rashin bin diddigi ke haifarwa ya bayyana a Jihar Kaduna a 2017, sa'ad da aka yi wa malaman furamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 daga cikinsu suka kasa samun maki 75 cikin 100. An yi ta gardama a kan yadda aka shirya jarrabawar, da korar da ta biyo baya. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi: waɗannan malamai ba su ɗauki kansu aiki ba, wani ne ya sa hannu a takardunsu, wani kuma ya yi shekaru yana biyansu bai leƙa ajinsu ba.

Ashe ke nan tuhuma ba ta tsaya kan malami da hedimasta ba. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a furamare. In aji ya kai 100, ba malamin ne ya karya ƙa'ida ba. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya don wannan aiki, amma jiha ba ta karɓar rabonta na gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. An sha samun jihohin da suka bar kuɗinsu a ajiye shekara da shekaru, yara kuwa suna zaune a ƙasa.

Uba da uwa ba sa bukatar digiri kafin su auna makarantar garinsu. Su lura da ƙarfe nawa malamai ke isowa, su buɗe littafin yaro su ga ko an duba aikinsa da jan biro, su miƙa wa ɗan aji huɗu takarda su ji ko zai karanta. Ta hannun kwamitin kula da makaranta, wanda iyaye da shugabannin gari ke ciki, suna iya tambayar yaushe rabon da sufeto ya zo, me ya rubuta, kuma me aka gyara tun daga ranar. In ba su gamsu ba, sai su kai kuka ga Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma a rubuce, su riƙe kwafi. In ya yi shiru, sai Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta jiha.