Ladabin Kiɗa a Cikin Taro



Mu da muka tashi tsakanin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi mun gaji wani ladabi na kiɗa wanda bai kamata mu yar ba. Ku saurari faifan Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa. Idan ya ɗauko ɗan waƙa, masu kotso sukan sassauta hannu domin a ji kowace kalma. 'Yan amshi kuwa su jira lokacinsu, sa'an nan su karɓa da murya ɗaya. Dalili shi ne, in kiɗa ya danne magana, yabo bai kai kunnen sarki ba, makaɗi ya yi aikin banza.

Ko a Amurka, wajen masu kiɗan bulugiras, mai banjo yakan rage sauti idan abokinsa ya karɓi kiɗa.

Yau fa? A bukukuwanmu akan ƙure lasifika har ba a rarrabe waƙa da hayaniya, maƙwabta kuma su kwana ido biyu. Saboda haka muna roƙon masu shirya taron ƙungiyarmu su rage ƙara, a bar kalma ta fito.