KAFIN KA SAYI FIRIJI, DUBA BAYANSA
Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na ƙungiya, Kuta



Maganar da aka ɗora mini ita ce ta firiji da firiza, waɗanda matanmu da yawa suka dogara da su wajen sana'ar ƙanƙara, zoɓo da kunun aya. Kowane mai shago cewa yake nasa ba ya shan wuta. To, gani ya kori ji.

Firiji, jama'a, zafi yake kwasowa daga ciki ya zubar a waje, shi ya sa in ka taɓa bayansa sai ka ji ɗumi. Iyakwandishan ma haka. Irin wannan injin Turawa suke juya aikinsa su ɗumama ɗaki da hunturu. Saboda haka gwargwadon zafin gari, gwargwadon wahalar injin da wutar da zai sha.

Abu uku nake so mu riƙe.

Na farko, a duba ɗan allon da ke manne a baya ko a ciki. In an rubuta N, an yi shi ne don zafin da bai wuce digiri 32 ba. ST na ɗaukar 38, T kuma 43. Duk wanda ya san bazarar Kuta, Maris da Afrilu, ya san T ne namu.

Na biyu, takarda. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke kula da ingancin kaya, kuma tun 2005 ta fito da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su. A nemi shaidarsa wurin dila, a karɓi rasit da garanti. A sani kuma, tsohon firiji ɗan kwatano yana cikin kayan da kwastan ta hana shigowa da su. Araha ba ta ado.

Na uku, gwaji. Lambar kWh da ke jikin kwali, yunit ne na shekara. A raba ta gida 365, an sami na kwana ɗaya. Mai mitar kati ya kashe komai, ya bar firijin kaɗai yini da kwana a ranar da wuta ta zauna, ya ga abin da ya ci. In ya ɗan haura, zafinmu ne. In ya ninka, a koma wa dila tun garanti bai ƙare ba.

Ga dam ɗin Shiroro a ƙofarmu tun 1990, amma ba kyauta ake ba mu wutar ba.

Mu kuma masu sayarwa, mu ji tsoron Allah. Gargaɗin Suratul Muɗaffifina bai tsaya kan mudun hatsi ba. Kada mu yabi kaya da abin da ba mu tabbatar ba. Baƙi muke a ƙasar Gwari, amana ce ta zaunar da iyayenmu a nan.

Allah Ya sa albarka a kasuwarmu.