Kafin Ki Cike Gurbin Keken Ɗinki a Fom



Hajiya shugabar mata, shugabannin mata na mazaɓu, iyayena, yayyena da ƙannena, barkanmu da wannan lokaci. Waɗanda suka taso daga nesa, sannunku da hanya. Hajiya ta ce in rubuta abin da zan faɗa don a tura wa 'yan uwanmu da ba su samu zuwa ba, saboda haka wadda ta karanta a waya, don Allah ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Maganar keken ɗinki ce ta tsayar da ni. A fom ɗin tallafin sana'a da ke yawo a mazaɓu akwai gurbin da aka ce ki rubuta irin keken da kike so. Na duba waɗanda aka fara dawowa da su. Wasu sun rubuta "indastiriyal", wasu sun rubuta "Singer", wasu kuma "kowanne aka ba ni". Duka ukun sun tayar mini da hankali, shi ya sa na roƙi a ba ni 'yan mintuna.

Kun san kekunan ba su kai yawanmu ba. Wadda sunanta ya fito bana, sai Allah ya yi kafin layi ya sake zagayowa kanta. Kuma mun sha gani, ba a jam'iyyarmu kaɗai ba, a raba keke da safe, kafin la'asar yana hannun dillali a rabin kuɗinsa. Ana cewa kwaɗayi ne. Wani lokacin haka ne. Amma na zauna da irin waɗannan matan, da yawansu keken ne bai dace da gidansu ba. An ba ta mai cin wuta, ita kuwa unguwarsu sai a yi kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba. Me za ta yi da shi? Ta ɗora masa kwanuka?

To bari in fara da baƙin keken nan na ƙafa da muka tashi muka gani a ɗakin iyayenmu. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne Butterfly, ɗan Shanghai ta ƙasar Sin. Akwai irinsu Emel da Two Lion. In kin lura duk kamarsu ɗaya, dalili kuwa an kwaikwayi ƙirar wani tsohon keken Singer ne. Wannan kamar da suke yi alheri ce a gare mu, domin allurarsu ɗaya, bobin ɗinsu yana shiga na juna, kuma babu garin da za ki je ki rasa mai gyaransa. Ba ruwansa da wuta, ba ruwansa da fetur. Miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, ba ya zigizag, ba ya ramin maɓalli. Amma riga da zani, kayan makaranta, hijabi, zanin gado, rigar filo, labule, duk zai yi miki. In Allah ya hore daga baya, akwai ƙaramin moto da ake ɗaura masa a gefe. An kawo wuta ki taka moto, an ɗauke ki mayar da bel ki ci gaba da ƙafa. Ni dai mace mai farawa, wadda a cikin gida za ta yi aiki, wannan nake ba ta shawara, ko da ƙawayenta za su ce na tsofaffi ne. Da tsohuwar zuma ake magani.

Masu rubuta Singer, na gane ku. Suna ne babba, kamfanin Amurka ne tun 1851, har akwai kasuwa guda a Kano da ake kira da sunan. Amma fa sunan yana kan kekuna iri-iri. Akwai tsohon na ƙarfe zalla da kakanninmu suka bar wa jikoki, akwai kuma sababbin farare na lantarki da ake ƙerawa a ƙasashen Asiya. Ki rubuta Singer kawai, mai sayowa bai san wanne kike nufi ba. Sannan duk sunan da ya yi tashe, masu jabu suna bin sa, a manna takarda mai ruwan zinare a kan keken da ba a san asalinsa ba.

Su waɗannan fararen na lantarki, na Singer ko Brother ko Janome, kada ku ce na kushe su. Brother da Janome kamfanonin Japan ne, kuma kekunansu suna aiki mai tsafta: zigizag, ramin maɓalli, ɗinkin ado kala-kala. Mai ɗinka kayan yara da kayan jarirai, in tana da wuta ko sola, za ta ji daɗinsu. Sai dai ku bambanta su da 'yan mitsi-mitsin nan na roba da ake talla a waya, wanda ake ɗauka da hannu ɗaya. Ni ma sun taɓa cin kuɗina. Na gan shi fari tas, ga fitila, ga furanni, kyan ɗan maciji. Ranar da na sa masa zanin gado mai auduga, ko kamu biyu bai yi ba na ji ƙas. Da mai gyara ya buɗe cikinsa, ashe haƙoran da ke juya shi na roba ne, sun zube. Ya zagaya kasuwa bai samo irinsu ba. Har yau yana saman drowa, jikata tana wasa da shi.

Yanzu indastiriyal, wanda rabinku kuka sa wa ido. Ba laifinku ba ne, keke ne na gaske. Juki na Japan shi ne aka fi sani, akwai Jack na Sin da ya cika shaguna yanzu. Samfurin Juki da ake kira DDL-8700 yana iya sara har 5,500 a minti ɗaya, alhali na gida mai lantarki bai cika wuce 1,000 ba. Yana da kwanon mai a ƙarƙashinsa, shi yake shayar da kansa. Mai kwangilar kayan makaranta ko mai kai zannuwan gado kasuwa dozin-dozin, wannan ne abokin aikinta.

Amma ki tambayi kanki tsakaninki da Allah. Wuta awa nawa kuke samu? In janareta za ki tayar, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kin san yadda lita take, ki lissafa ko kuɗin ɗinkin zai biya man ya bar miki na cefane. Ina za ki ajiye shi? Teburinsa babba ne, nauyinsa sai maza biyu, ba ya shiga bayan ƙyaure in baƙi sun zo. Kuma shi ma fa miƙaƙƙen ɗinki kawai yake yi, kamar baƙin keken da kika raina, gudu ne ya fi shi. Gudun ma in hannunki bai faɗa ba, kafin ki ce me ya ci miki atamfar mutane. In duk kin auna kin ga shi ne, to ki rubuta mai moton sabo, wato servo kamar yadda yake a jikin kwali. Tsohon moto mai kuloci tun da kika kunna yake ruri yana shan wuta, ko kina ɗinki ko kina yanka. Shi kuwa wannan sai kin taka yake motsi, ba ƙara, kuma ana rage masa gudu har mai koyo ta iya bi da shi.

Bari in daɗe kaɗan a kan zanin gado mai auduga da bargon ƙyallaye, don na ga mata da yawa sun karkata can, kuma suna da gaskiya. Ba a aurar da yarinya ba kayan gado, ba a suna ba shimfiɗar jariri, in sanyi ya shigo kuma kowa bargo yake nema. Ƙyallayen da teloli ke sharewa su zubar, da guntayen yadi da ake samu da araha a Kantin Kwari, in mace ta iya haɗa kala sai ta fitar da abin da za a yi ta tambaya daga ina aka kawo.

Shi wannan aiki hawa uku ne: yadin sama, audugar tsakiya ko siririn soso, da yadin ƙasa. Abin da yake nema a wurin keke daban ne da na riga. Ba ya neman ɗinkin ado iri hamsin. Ƙarfi yake nema, da fili. Ki dubi tazarar da ke tsakanin allura da jikin keken ta hannun dama, domin ta nan za ki naɗe rabin bargon ki tura. In wurin ya matse, kokawa za ki yi ta yi har kafaɗarki ta riƙe. Ki ɗaga ƙafar da ke danne yadi ki ga ko hawa ukun za su shige ba tare da kin tusa da ƙarfi ba. Allura ki sa lamba 16, in aikin ya yi kauri 18, ki bar 14 wa atamfa. Ki buɗe tsawon ɗinkin ya kai milimita 3 zuwa 4. Ki fara kama hawa ukun da fil ko dogon ɗinkin hannu, sannan ki faro daga tsakiya ki nufi gefe, in ba haka ba yadin sama zai riga na ƙasa isa, ki ga ya tattare kamar fatar tsohuwa. (Iyayena ku yafe ni, ni ma na kusa.) Baƙin keke mai lafiya yana yin wannan aikin, sannu a hankali. Indastiriyal yana yin sa da sauri. Na roba kam kun ji labarinsa.

Wata 'yar magana a kan allura, don tana jawo asara a banza. Allurar keken gida gindinta shafaffe ne ta gefe ɗaya, a fakitinta za ki ga HAx1. Ta indastiriyal gindinta zagayayye ne, DBx1. In kin aiki yaro kasuwa ki ba shi tsohuwar ya tafi da ita. Sau nawa mace za ta ce kekenta yana tsallake ɗinki, a kira mai gyara a biya shi, ashe allura ce ba tasa ba.

Ga kwamitin saye kuma, Hajiya, da girmamawa muna da roƙo. A tafi da mace mai ɗinki ko da guda biyu ne, kada a yi mana sayen kifi a ruwa. A buɗe kwali a gaban mai shago, a ɗaura kan keken, a gwada. A tafi da tsohon wandon jins a ninka shi huɗu, da ƙyallen yadi mai santsi. Keken da ya ɗinke su biyun, zaren sama da na ƙasa suka kama juna ba tare da ya yi gida a ƙasa ba, ya ci jarrabawa. A juya wilin da hannu a ji ko yana tafiya sumul ko yana cijewa. A karɓi rasit. Kuma don Allah a haɗa kai da teburi da ƙafa. An taɓa raba mana kai zalla, aka ɗauki hoto aka watse, mata suka koma gida da abin da ba za su iya amfani da shi ba sai sun nemo kuɗin teburi. Waɗancan su ne suka fara sayarwa. In kuɗin ba zai kai ba, gara a sayi cikakku ko da sun ragu, a gaya mana gaskiya.

Ke kuma da za ki karɓa, kafin ki rubuta komai, ki leƙa wurin mai gyaran keke mafi kusa da gidanku. Ki tambaye shi wanne yake da kayansa a hannu, wanne ne sai an aika Legas. Amsarsa ta fi duk tallan da za ki gani a waya. In kina da maƙwabciya mai ɗinki, ki roƙe ta ki hau nata na rabin awa, ki ji yadda ƙafarki da bayanki za su ce.

Waɗanda suka riga suka mayar da fom, Hajiya ta amince a gyara. Ki je wurin shugabar mata ta mazaɓarku kafin ranar Alhamis, ki rubuta abu uku a gurbin: irin keken, aikin da za ki yi da shi, da ko kuna da wuta. Mai son koyon bargon ƙyallaye kuma ta zo da almakashinta da ledar ƙyallayenta ranar Asabar bayan azahar, nan ofishin mata, zan kawo kekena mu gwada tare. A taho da yara in babu mai riƙewa, amma a riƙe su nesa da allura.

 Allah ya sa wa sana'armu albarka, ya mayar da kowa gida lafiya.