Dutsen da Ba Ya Ruri



Matafiyin da ya ratsa kudancin Abzin zai ga baƙaƙen tuddan Todra, fiye da ɗari, waɗanda suka yi aman wuta a zamanin da, suka lafa. A Tafadek, arewa da Agadas, har yau ruwan zafi na ɓuɓɓugowa, masu ciwon gaɓoɓi na zuwa wanka. Babu mai fargabarsu, kuma da gaskiyar mutane. Sai dai ɗan Adam ya saba auna haɗarin ƙasa da ƙarar da take yi, ma'aunin nan kuwa ya sha cin rayuka.

A Goma ta ƙasar Kwango, dutsen Nyiragongo ya yi aman wuta ranar 22 ga Mayu 2021. Da hukuma ta ce a tashi, mutum wajen 400,000 suka bar gari da katifu a ka. Amma a wannan garin akwai abin da ake kira mazuku, wata iska marar launi, marar wari, mai tsatsowa daga ƙasa ta kwanta a kwari ta shaƙe yara da awaki. Shekara da shekaru ana gini kusa da ita, ba wanda ya gudu.

Irinta ce ta taso daga tafkin Nyos na Kamaru a daren 21 ga Agusta 1986. Mutum fiye da 1,700 suka kwanta ba su tashi ba, garkunan Fulani suka zube a makiyaya. Sai a 2001 aka kafa bututun farko na zuƙe iskar daga gindin tafkin.

Garin Akokan ma yana da dutsensa, wanda hannun mutum ya tara. Kamfanin COMINAK ya fara fitar da yuraniyom a 1978, ya rufe ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tarkacen ma'adini kimanin tan miliyan 20 a gefen gari. Tulin ba ya girgiza, ba ya hayaƙi. Iskar radon yake fitarwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun gaba, bayan taba, wajen haddasa kansar huhu. Ga kuma ƙurar da hunturu ke kwasowa har cikin tsakar gida.

Mutanen garin ba su yi shiru duka ba. Almustafa Alhasan da ƙungiyarsa Aghir In'man sun gayyato masu bincike na CRIIRAD daga Faransa tun 2003. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna wani titi a Akokan, ta sami tururin ma'adini ya kusa ninka na al'ada sau 500. Duk da haka tsofaffin ƙarafan mahaƙa sun shiga kasuwa, an yi tukwane da rufin ɗaki da su. Ba wauta ba ce: magidancin da albashinsa ya yanke yana ganin yunwa da ido, radon kuwa ba ya ganinta.

Tsarin rufe tulin shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu kaurin mita biyu, alhali sinadarin radiyom da ke haifar da iskar sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Haƙƙin mazauna Akokan ne a riƙa auna iska da ruwan rijiyoyi a makarantu da unguwanni, a karanta musu sakamakon a rediyo, da Hausa da Tamashek.