AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yaya Ake Ɗaukar Bidiyo Da Waya A Gida?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, yana tambaya yadda zai ɗauki bidiyon kayansa don masu saye na nesa.

To Malam, fara goge idon kyamarar. Ka ɗauka da hantsi, rana tana bayanka tana haska buhun. Jingina wayar a kan turmi kada hoton ya yi rawa. Kashe janareto da rediyo, ka matso kusa a ji muryarka. Ɗebo geron a tafin hannu, ka nuna, ka faɗi farashi. Amma fa kada ka nuna mai kyau ka aika da gauraye, domin ranar da kaya suka isa ka rasa mai saye ke nan. Sannan a kula, kada iyali su fito a hoton ba da saninsu ba. Allah Ya ba da kasuwa.