Sabuwar Sana'a, Sai Mai Karatu



Yau za mu yi magana a kan wata sabuwar sana'a, watau aikin waya da kwamfuta. Kakanninmu ba su san ta ba. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Nijeriya. Tun daga nan ayyuka suka yi ta fitowa.

Ga mai gyaran waya. Wanda ya je kasuwar Farm Centre a Kano ya ga samari birjik, kowa da teburinsa. Ga mai POS, kamar waɗanda mu ke gani a Kwanar Ɗangora. A farkon 2023, da takardun kuɗi suka yi wuya, wurinsu kowa ya nufa. Tun 2015 kuwa da kwamfuta a ke yin jarrabawar JAMB, dole a ɗauki masu kula da injunan. Akwai kuma masu rubuta manhaja, watau umurnin da kwamfuta ke bi. Irinsu suna iya zama a gida su yi wa kamfanin Legas ko na Ingila aiki. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin 3MTT don koya wa mutum miliyan 3 irin waɗannan ayyuka.

To, amma fa ku lura. Duk cikinsu babu inda a ke ɗaukan wanda bai iya karatu ba. Mai POS lalle ya karanta suna da lamba kafin ya danna. In ya ƙara sifiri ɗaya, naira 5,000 ta koma 50,000, jarinsa ya tafi. Neman aikin ma rubutawa a ke yi a waya. Wanda bai iya ba sai ya miƙa wa wani, ɗan damfara ya ci kuɗinsa.

Ba mu ce ku bar gona ba. Ba mu ce kowa zai zama gwani ba. Amma tafiyar daga wannan aji ta ke farawa: baƙi da wasali, sa'an nan lissafi, sa'an nan Turanci kaɗan. Da ƙanƙane a ke tanƙwara icce, saboda haka ku sa 'ya'yanku makaranta, maza da mata. Ku ma kada ku yi fashi.

Allah ya ba mu sa'a, amin.