Tsakanin Sharaɗi da Sababi: Ƙwayoyin Bairos da Amosanin Gaɓoɓi



Mas'alar da aka ɗora mini ita ce ko akwai alaƙa tsakanin kamuwa da ƙwayar bairos da cututtukan nan na amosanin gaɓoɓi, waɗanda a cikinsu garkuwar jiki, maimakon ta tsare mai ita, take juyowa ta far wa gaɓoɓinsa da fatarsa da ƙodarsa da jijiyoyin jininsa. Jawabina shi ne alaƙa tana nan, amma darajarta ba ɗaya ba ce, domin wata ta kai matsayin yaƙini, wata kuwa har yanzu zanni ce, ko da yake zanni mai rinjaye.

Mu fara da yaƙinin. A shekarar 1970 aka gano cewa bairos ɗin ciwon hanta nau'in B yana haddasa wani mugun kumburi na jijiyoyin jini, kuma da aka tsananta binciken jinin da ake ƙara wa marasa lafiya a Faransa, aka yawaita allurar rigakafi, sai wannan kumburi ya ja da baya ƙwarai. Haka nan nau'in C, wanda aka gano a 1989, shi ne asalin mafi yawan ciwon nan da wasu sunadaran jini ke dunƙulewa idan sanyi ya taɓa su, har a ga jajayen ɗige-ɗige a ƙafafu, ga ciwon gaɓoɓi, ga kasala. In aka kashe bairos ɗin da magani, galibi alamun sukan lafa. Wannan hujja ba ta buƙatar tawili.

Inda saɓani yake shi ne bairos ɗin Epstein-Barr, wanda aka fara gani a Landan a 1964, cikin ƙwayoyin ciwon dajin muƙamuƙin yara da Denis Burkitt ya siffanta a Uganda. A 1997 Judith James da John Harley, a Okalahoma ta Amurka, suka auna jinin yara da matasa masu lufus, cutar da kusan tara cikin goma na masu ita mata ne, wadda kan fito da jan tabo a kumatu da karan hanci mai siffar malam-buɗe-littafi, suka tarar kusan dukkansu sun taɓa kamuwa da bairos ɗin, alhali cikin tsararrakinsu masu lafiya kimanin 70 cikin 100 ne. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne wani sunadarinsa, EBNA-1, ya yi kama da wasu sunadaran jikin ɗan Adam har garkuwa ta kasa rarrabewa, ga shi kuma bairos ɗin yana fakewa, muddin rai, a cikin ƙwayoyin da ke ƙera makaman garkuwar.

Sai dai fiye da 90 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna ɗauke da shi, yaranmu ma tun suna ƙanana suke kamuwa, masu lufus kuwa 'yan tsiraru ne. Malaman usulul fiƙihu sun bambanta sababi da sharaɗi, suka ce sharaɗi shi ne abin da rashinsa ke hana samuwa, amma samuwarsa ba ta wajabta ta, kamar alwala ga salla; kuma abin da ya rinjaya a wurina shi ne Epstein-Barr ga lufus sharaɗi ne, sai ya haɗu da gado da sinadaran jikin mace da makamantansu.

Game da yawan waɗannan cututtuka a ƙasarmu kuwa, a 1968 Brian Greenwood, yana Ibadan kafin ya koma Zariya, ya rubuta cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a Nijeriya, ya kuma yi hasashen cewa zazzaɓin cizon sauro da dangoginsa ne ke danne su. Ni dai ina ganin wani kaso na ƙarancin nan ƙarancin bincike ne, don mace takan shekara ana ce mata sanyi ne, ko sammu, ba a taɓa auna jininta ba.

Roƙona ga 'yan'uwa likitoci ɗaya ne. Rigakafin ciwon hanta nau'in B bai shiga jerin allurar jarirai a Nijeriya ba sai a 2004, magungunan da ke danne garkuwa kuwa suna iya tayar da bairos ɗin daga kwance. Saboda haka kada a ɗora mai amosanin gaɓoɓi a kan methotrexate ko prednisolone na dogon lokaci sai an auna jininsa tukuna.